Faratan Kluski da Kujerar Loretta

A zuriyarmu ba a cewa ana son abu. Haka muka tashi, haka kakanninmu suke tun kafin su ƙetaro teku daga Poland su zo Toledo ta Amurka aikin gilashi. In aka miƙo maka abinci sai ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka na ƙugi. Mai miƙowa ya san aikinsa, zai sake miƙowa, ka sake ƙi, sai a na uku ka karɓa kana cewa, "To, kaɗan dai, don kada ranki ya ɓaci." In kuwa aka tambayi ɗayanmu ra'ayinsa sau ɗaya tak ya ce duk yadda aka gani daidai ne, to ba amsa ya bayar ba, jira yake a sake tambaya.

Yayana Casimir ya fi kowa iya wannan hali. Ya kusa tamanin a duniya, ban taɓa jin ya ce "ina so" ba, ko gishiri ne a kan tebur. Matarsa Loretta, Allah ya ji ƙanta, ita ce ke karanta fuskarsa ta yi masa maganar. Da ta rasu ta bar masa abu biyu: kujera da kyanwa.

Kujerar doguwa ce ta kushin, mai ruwan ganye. Loretta ta saye ta shekarar da aka haifi ɗansu Gerard, ta sa aka ɗinka mata rigar leda mai kauri, ta girke ta a falo. Tun daga ranar ba mai zama a kai. Mu dangi in mun je, kicin muke wucewa. Fadan cocinmu ne kaɗai ya taɓa ɗofana mata, shi ma lokacin zafi ne, da zai miƙe sai da ledar ta riƙe masa wando ta yi wata irin ƙara, muka yi ta kallon silin kamar ba mu ji ba.

Kyanwar kuwa a bayan gareji Loretta ta tsinto ta, 'yar mitsitsiya, duk ƙashi. Ta ci ta ƙoshi ta yi ɓul-ɓul, suka sa mata suna Kluski, sunan taliyar nan mai kauri da muke zubawa a romon kaza. Bayan rasuwar Loretta ita ta zama abokiyar hirarsa. Ni da nake ƙanwarsa, ciki ɗaya, in na buga waya "lafiya lau" nake samu. Kyanwa kuwa har labarin siyasa yake ba ta.

Hunturun bara ya zame a ƙanƙara yana share ƙofar gidan maƙwabciya, wadda ba ta roƙe shi ba. Ƙugunsa ya karye. Aka yi aiki, aka ba shi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, likitoci suka ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ni a bene nake, gidan tsofaffin da ba a barin dabba, ga asma da gashin kyanwa ke tayar mini. Sai aka sayar da gidansa, Gerard da matarsa Annette suka ɗauke shi, shi da kyanwar.

Ba zan zalunci Annette ba. Mace ce mai zuciya, sai dai 'yar New Jersey ce, kuma su can in suna son abu faɗa suke yi, in ka ce a'a sun ji a'a. Zuwana gidanta na farko ta ce in sha gahawa, na ce na gode, ta mayar da butar ta zauna. Na koma gida da maƙogwaro a bushe, na yi shekara guda ina jin haushinta ba ta sani ba.

Don ta faranta wa surukinta rai, ta sa aka kawo kujerar Loretta ɗakin da suka gyara masa, ta sa almakashi ta farke ledar nan tas, ta goge.

"Baba, ga kujerar Mama," in ji ta. "Yanzu kam sai ka miƙe ƙafa a kai ka sake."

Casimir ya dubi kujerar nan tsirara, ya ce ya gode ƙwarai, ya ja ƙarfensa ya zauna a kujerar katako da ke gefe.

Abin da Annette ba ta sani ba, ledar ce ke tsare kujerar daga Kluski, don farce ba ya kama ta. A tsohon gida kyanwar na da turken katako a gindin matakalar ɗakin ƙasa, ta kankare shi har ya yi siririn wuya. A sabon gida babu turke, ga kushin a buɗe. Kafin a yi nisa hannun kujerar na dama ya koma zare-zare. Annette ta gani, ta haɗiye.

Ranar wata Lahadi ne abin ya fashe. Mun dawo daga coci muna cin dankali da kabeji, Kluski na kwance a cinyar Casimir, sai murfin tukunya ya suɓuce wa Gerard. Kyanwar ta zabura ta bi ta kan hannun ubangidanta. Karta ce 'yar ƙarama, amma yayana na shan maganin tsinka jini, fatarsa kuma ta tsufa. Jini ya yi ta zuba a kan farin mayafin tebur, aka danne, aka ɗaure, ya ƙi tsayawa sai da abinci ya huce. Annette ce ke riƙe da hannun, kuma na ga abin da ke fuskarta. Tsoro ne tsantsa, ba fushi ba.

"Gobe zan kira likitan dabbobi a cire mata faratan nan," ta ce. "Duk kyanwoyin gidanmu haka aka yi musu. Ranar aikin hana haihuwa ake haɗawa duka, a dawo da su gida, shi ke nan. Yankan farce ne kawai wanda ba ya sake tsirowa. Baba, ka yarda?"

Gaskiyarta, a zamaninmu haka kowa ke yi. Rabin kyanwoyin unguwarmu ba su da farce, ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake cirewa.

Casimir ya dubi jan tabon da ke kan mayafin. "Duk yadda kuka gani daidai ne."

"Yauwa," in ji Annette, ta miƙe ta kwashe kwanoni.

Na jira ta sake tambaya, shiru. Gerard, wanda ya san hali, ya tsura wa farantinsa ido kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Na kai masa hauri ta ƙarƙashin tebur.

"Wash! Goggo, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗan nan. Aikinka ke nan tun kana yaro."

Ranar da aka sa, su biyun suna wurin aiki, sai ni da tsohuwar motata. Na ɗaure hanci da gyale, na zuge gilasai duk da sanyi. Casimir na gaba, kwandon kyanwar a cinyarsa, ya zura yatsa ta ragar yana sosa mata kunne.

"Yaya, kana son a yi aikin nan?"

"Ki kula da titi, Auta. Kin kusa taka layi."

"Na tambaye ka."

"Tun da kika samu lasin nake mamakin wanda ya ba ki."

Na ƙyale shi. In ya koma zagin tuƙina, to maganar ta taɓa shi.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar jikokinmu ba. Ta fito da Kluski, ta auna ta, ta ce tubarkalla, wannan ba ta wasa da abinci. Sannan ta tambaya ko an yi mana bayanin yadda aikin yake. Muka ce yankan farce ne. Ta ce wa Casimir ya ara mata hannunsa, mai lafiyar. Ta kama yatsansa, ta danna gaɓar ƙarshe, wadda ke ƙasan farce.

"Baba, farcen kyanwa daga ƙashi yake tsirowa. Ba ya ciruwa sai an cire ƙashin. Nan ake yankewa, a kowane yatsa na ƙafafun gaba. Kuma ita a kan yatsunta take tafiya."

Casimir ya janye hannunsa a hankali, ya ɗora a kan ƙarfen dogarawarsa.

"Za ta iya taka ƙasa?"

"Za ta taka. Wasu sukan warke kamar ba a yi ba, musamman ƙanana. Wannan ta manyanta, ga nauyi. Wasu kuma ciwon ba ya barinsu, su koma cizo, su ƙi shiga kwandon yashinsu don yashin na sukarsu, sai su yi fitsari a kafet. Ban ce lallai haka za ta yi ba. Ni dai na daina yi. Akwai masu yi a garin nan, ba zan ɓoye maka ba. In da za ka ji tawa, a riƙa rage mata tsinin faratan a kai a kai, a samo mata katakon da za ta karta."

Ya yi mata godiya har da cire hula, kamar ta ba shi kyauta. Muka fito.

Muka shiga mota. Na sa makulli ke nan sai ya ce, "Kai ni gidan nan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su."

"Kai ka ina?"

"Kin ji ni."

"Ba ka ji abin da yarinyar ta ce ba? A rage tsini kawai!"

"Wa zai rage? Dubi hannuna, cokali ma da ƙyar nake kai shi baki. Annette, yarinyar mutane, tana wanke mini kaya, tana dafa mini abinci, ta tallabe ni kamar jariri ta sa a bahon wanka. Na lalata kujera, na ɓata mata mayafi, na tsorata ta. Yanzu kuma in ce ta zauna tana yanke wa kyanwa farce?"

"To ka faɗa mata ba ka son a yi aikin mana!"

"Ba gidana ba ne, Auta."

"Wa zai ɗauki tsohuwar kyanwa mai ƙiba kamar buhun gari? Can za ta ƙare a keji, kai kuma ka koma hira da bango."

"Ko ba a ɗauke ta ba, da ƙafafunta za ta tsaya." Ya dafa ƙugunsa. "Kullum da safe, kafin in sauke ƙafa daga gado sai na zauna na yi shawara da ƙasa. Ke ba ki san wannan ba tukuna. Ba zan sa mata irin wannan ciwon ba don in samu abokin hira."

Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni har na rasa wanda ya fi. Mutumin nan ya gwammace ya rabu da abu ɗaya da ya rage masa, da ya buɗe baki ya ce wa surukarsa yana son wani abu. Na tayar da mota. Da muka kai mararraba, gidan dabbobin na hagu, na karya kan mota dama.

"Ba nan ce hanyar ba."

"Motata ce."

"Bernadette!"

Sai ransa ya ɓaci sosai yake kiran cikakken sunana. Na ƙara wuta.

Ashe Annette ta baro aiki da wuri. Mun tarar ta ajiye kwali kusa da abin ɗumama ɗaki, a ɗakin Casimir, ta shimfiɗa bargo mai laushi a ciki, ta dafa kaza ta yayyage a ɗan kwano. Ta tare mu a ƙofa tana goge hannu.

"Ina majinyaciyar tamu? A'a, har an sallame ta? Kawo ta nan, Baba, in kwantar da ita."

Ta karɓi kwandon, ta kai ɗakin, ta ɗora a kan kujerar katako, ta buɗe. Kluski ta diro da ƙafafunta lafiya lau, ta nufi kazar.

"An ɗaga aikin," in ji Casimir, yana kallon takalminsa.

"Ƙarya yake," na ce. "Kawo hannunki, 'yar nan."

Na kama yatsanta na danna gaɓar kamar yadda likita ta yi, wataƙila da ƙarfi fiye da nata. Na maimaita mata komai: ƙashin, tafiyar, cizon, fitsarin kafet. Ina cikin magana ta zauna a bakin gado.

"Muna da wata kyanwa ina ƙarama," ta ce. "Nutmeg. Bayan an yi mata aikin ta koma cizo, tana ɓata kafet. Babana ya ce mugun hali ne. Ya sa ta a mota wata Asabar, ya dawo shi kaɗai." Ta dubi yatsunta. "Ni ma na yarda mugun hali ne. Har dukanta na taɓa yi da jarida."

Ban san haka maganar za ta sauka a kanta ba, kuma na ji kunyar dannar da na yi wa yatsanta. Amma tunda na fara sai na ƙarasa. Na gaya mata inda surukinta ya ce in kai shi, da dalili.

Ta ɗago a firgice. "Baba! Ka ba da Kluski? Ai na tambaye ka! A gaban kowa na tambaye ka, ka ce daidai ne!"

"Sau nawa kika tambaya?" na ce.

"Kamar yaya sau nawa?"

"Mu sai an tambaye mu sau uku. Na farko kunya ce, na biyu ladabi. Kin fi shekara ashirin a cikinmu, mijin naki bai gaya miki ba?"

Ta zaro ido. "Goggo, shi ya sa ba ki taɓa shan gahawata ba?"

"Sau ɗaya kike tambaya ki mayar da buta!"

"Ni na ɗauka ba ta yi miki ba ne! Har iri na sauya saboda ke!"

Dariya ta so ƙwace mata, hawaye na zuba. Ta share da bayan hannu, ta taso ta tsaya a gaban Casimir, wanda tun shigowarmu yake tsaye riƙe da ƙarfensa.

"Baba, me kake so a yi da kyanwar nan?"

"Duk yadda kuka gani, 'yata."

"Baba, me kake so?"

"Kada ki wahalar da kanki. Kin yi mini abin da ko 'yar cikina sai haka."

Ta waiwayo ta dube ni. Na ɗaga mata yatsa ɗaya, alamar saura ɗaya.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "me kake so?"

Ya dubi taga, ya dubi kyanwar tana lasar kwano, ya dubi hannunsa mai bandeji. Na fara tsoron ko na ukun ma zai ƙi, don Loretta ce ta saba amsa masa na uku.

"Ina son a bar mata yatsunta," ya ce. Ya tsaya ya ja numfashi. "Kuma ina son a bar mini ita."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba, sai ga ta sau biyu a jere. Na juya ina gyara gyalen hancina, na ce asma ce ke sa mini ruwan ido.

"An gama," in ji Annette. "Ni zan riƙa rage mata farcen, in ta yage ni ta yage ni, jinina yana tsayawa. Kai kuma in za ka ɗauke ta sai da riga mai dogon hannu da tawul a cinya, ba na son gardama, don in ka sake zubar mini da jini a tebur zuciyata ce za ta tsaya. Gerard zai nemo mata katako yau ɗin nan, ya yi wani amfani a gidan." Ta dubi hannun kujerar da ya koma zare. "Kujerar Mama kuma, laifina ne. Zan sa a ɗinka mata wata ledar."

"A'a," ya ce. Wannan karon bai jira an tambaye shi ko sau ɗaya ba. "Bar ta haka."

Ƙafafunsa sun gaji. Ya juya zai zauna a kujerar katakonsa, ga kwandon kyanwa a kai. Ya tsaya jim. Sannan ya ja ƙarfensa taku biyu, ya juya baya, ya sauka sannu a hankali a tsakiyar kujerar Loretta. Ya ɗan motsa hagu, ya motsa dama, ya danna kushin ɗin da tafin hannu.

"Auta," ya ce, "ashe tauri gare ta kamar bencin coci."

Kluski ta gama da kazar. Ta tako tana lasar baki, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta kafa faratanta a hannun kujerar na hagu, wanda ya rage lafiyayye, ta ja ƙasa. Yadin ya yi ƙara, ni da Annette muka runtse ido. Casimir ya miƙa hannunsa mai bandeji ya ɗora a bayanta, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Loretta ce ta sayi kujerar, ita ce kuma ta tsinto kyanwar," ya ce. "Ba ruwana, su sasanta kansu."